Motar Hajja Halime Tana Kulle Kanta

Garwa, 15 ga Afrilu

Zuwa ga Malam Moïse, a gidan 'yarsa Irène, Banyo.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, da Irène da maigidanta da jikoki. Yaya sanyin Banyo? Mu nan zafi ya kai inda ya kai, ko ƙadangare ba ya fitowa da azahar.

Na buga maka waya sau biyu, Irène ce ta ɗauka. Ta ce kunnen ya ƙara nauyi, magana ba ta shiga, amma ido garau, Littafinka mai tsarki ma ba tabarau kake karanta shi. Shi ya sa na nemo biro. Rabona da dogon rubutu tun da na bar aikin unguwar zoma, sai ka yi haƙuri da hannun.

Maganar motar marigayi mijina, abokinka, ce, wadda shekara goma sha ɗaya ba mai taɓa wayoyinta sai kai. Wata biyu ke nan tana ba ni kunya. Sau uku ina tashi da safe in tarar batir ya mutu, maƙwabta su ce sun ga ƙananan fitilu a kunne tun magariba. Ran nan a kasuwa na fita in karɓi kifi, makulli yana ciki, na dawo na tarar ƙofofi huɗu a kulle. Wata rana kuma na samu gilashin baya a sauke, kaza ta shiga ta yi abin da ta ga dama a kan kujera. Na kai wa Gédéon, wanda ka bar wa garejinka. Ya sa sabon batir, ya gwada dinamo, ya riƙe ta kwana biyu. A gabansa ta zama saliha, ko tari ba ta yi ba.

Da motar ce kaɗai da ban dame ka ba. Ɗan farina na Marwa ya ce ba motar ba ce, ni ce. Ni nake barin fitila, ni nake kulle makulli, ni nake manta gilashi. Ya ce da Babbar Salla zai zo ya karɓi makullin, ya rufe gidan nan, ya tafi da ni unguwarsu ta Dougoï a Marwa, har an share mini ɗaki. Malam Moïse, a gidan nan na yi shekara arba'in da biyu. Ba kowa a cikinsa yanzu sai ni da kaji, wani lokaci in wuni ban buɗe baki ba sai a salla, amma nawa ne. Motar ce ƙafata, da ita nake zuwa Bibémi ranar kasuwa in ga ƙanwata.

Abin da ya fi ci mini rai, na fara yarda da shi. Sai in kashe fitila, in shiga ɗaki, in sake fitowa in duba, in koma, in kuma fitowa. Ka san yadda mahaifiyata ta ƙare, ana nemo ta a unguwanni. Ina jin tsoro, ban ɓoye maka ba.

Ka gaya mini gaskiya ko da ɗaci: mota tana yin haka da kanta?

Na ba wa direban ajans, wato kamfanin motocin haya, takardar nan, ya ce za ta canja mota a Ngaoundéré. Allah ya sa ta same ka lafiya.

Matar abokinka,
Hajja Halime


Banyo, 23 ga Afrilu

Hajja,

Salama a gare ki da gidanki. Takardarki ta zo ranar Asabar, ta sha ƙura har ta yi ja. Na karanta ta sau huɗu, ba don ban gane ba, don dai shekara biyu ke nan ba wanda ya tambaye ni komai sai ko na ci abinci.

Amsa: e, mota tana yin haka. Amma mutum ma yana yi. Ba zan ce motar ce don in faranta miki ba, abokina zai tuhume ni a can inda yake.

A motarki akwai wani ɗan akwati baƙi, girmansa kamar kwalin sukari, a ƙasan gaban kujerar fasinja. Mu boîtier muke ce masa, masu takarda suna cewa BCM. Ba ruwansa da inji. Shi ne sarkin ƙananan ayyuka: fitilu, makullan ƙofa, gilasai, hon, da masu goge gilashi. In ya fara lalacewa, sai ya riƙa ba da umarnin da ba wanda ya ba shi, yau ya yi, gobe ya yi shiru. Abin da ya sa Gédéon bai gani ba ke nan. Ni na koya masa aiki, hannunsa mai kyau ne, amma gaggawa gare shi tun yana yaro.

Ga abin da za ki yi, kuma kada ki ƙara naki wayon a ciki, na san ki. Na ɗaya, ki kunna sanyin mota ki yi tafiyar rabin awa, ki tsaya, ki leƙa ƙarƙashinta ki ga ko ruwa yana ɗiga ƙasa. Na biyu, ki ɗaga dardumar gefen fasinja ki danna soson da ke ƙarƙashinta da tafin hannu. Na uku, shi ne babba: ki kira Agnès maƙwabciyarki, ta tsaya da idonta ki kashe komai, ki ɗaga gilasai, ki rufe. Ki ba ta makullin ta tafi da shi gidanta. Kwana uku kada ki taɓa motar ko da gefen zani. In wani abu ya motsa alhali makulli yana hannun Agnès, kin ga ba ke ba ce. In ba abin da ya motsa, ba mu san komai ba tukuna, kada ki yanke wa kanki hukunci.

Ni ina nan. Irène tana kula da ni fiye da kima. Garin nan babura ne, duk inda ka juya babur, kuma suna da masu gyaransu. Da yamma ina zama a ƙofar gida ina kallon bakin mutane yana motsi. In sun yi dariya in yi.

Ubangiji ya kiyaye ki. Ki gaida Agnès.

Moïse


Marwa, 28 ga Afrilu

Baba Moïse,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da tambayar lafiyarka da ta iyali, ina neman afuwa a kan abin da zan faɗa.

Hajja ta gaya mini ta waya cewa ka ce motar ce. Na san ba lallai haka ka faɗa ba, amma haka ta ji, kuma tun ranar ba ta sauraron kowa. Baba, an riga an duba motar nan. Gédéon ya ce lafiyarta lau. Kai kana Banyo, ba ka gan ta ba, ba ka ji ƙararta ba. Ni kuwa ina ofis ana kira na ana cewa an ga mahaifiyata a tsaye a rana a kasuwa, ta kulle makulli a mota, tana zagaya ta.

Shekarata tara lokacin da kakata ta fita ba takalmi, aka same ta bayan kwana biyu a bakin gada. Ni na fara hango ta. Ba gidan nake so ba, ba motar ba. Ba na so ne wata rana a kira ni a ce in zo bakin gada.

Ina roƙonka ka taya ni lallashinta. Maganarka tana da nauyi a wurinta fiye da tawa. Matata da yara suna ɗokin zuwanta, ba za ta rasa komai ba a nan.

Na gode da fahimtarka. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ɗanka,
Sulaimanu


Garwa, 4 ga Mayu

Malam Moïse,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan ka tashi lafiya. Zauna da kyau kafin ka karanta.

Na bi umarninka kamar sabuwar ɗaliba. Na yi tafiyar, na durƙusa a gaban jama'a ina leƙen ƙarƙashin mota, gwiwa tana ƙara. Ko ɗigo babu a ƙasa. Na ɗaga dardumar, na danna soson, ruwa ya fito tsakanin yatsuna, ga wari kamar tsumman da aka manta a bokiti. A watan da ko hadari bai taso ba! Na daɗe ina jin warin, na ɗauka kifi ne.

Agnès ta zo da tabaranta da littafin waƙoƙin cocinsu, wai a bayansa za ta rubuta shaida. Ta sa na kashe komai sau biyu, ta ja kowace ƙofa da kanta, ta ɗaure makullin a bakin zaninta ta tafi. Ranar farko shiru. Na wuni ina kallon motar daga bakin ɗaki. Na ce shi ke nan, ni ce.

Rana ta biyu bayan la'asar Agnès ta shigo muna ɓarar gyaɗa a inuwa. Sai muka ji ƙiiƙ, ƙiiƙ. Masu goge gilashi ne suke kai da komo a kan busasshen gilashi, ba kowa a ciki. Suka yi sau shida suka tsaya a tsakiya. Sannan fitilun baya suka kama. Agnès ta miƙe, gyaɗa ta watse, ta dafe bakin zaninta tana cewa, “Hajja, ga shi nan, wallahi ga shi nan a jikina!” Matar da ba ta rantsuwa. Ni kuwa na fashe da dariya, daga nan ban san lokacin da ta koma kuka ba. Na karɓi haihuwa fiye da yadda zan iya ƙirgawa ban taɓa kuka a gaban mutum ba, sai ga ni ina yi saboda roba biyu.

Na kira na Marwa, na ba Agnès ta yi masa bayani. Ya ce, “To, sau ɗaya ke nan.” Ka ji taurin kai, na ubansa ne sak.

Yanzu sai me? Gédéon ya ce in kawo ta ya sauya akwatin kawai. Na ce sai na ji daga Banyo.

A gaida Irène. Ka huta lafiya.

Hajja Halime


Banyo, 12 ga Mayu

Hajja,

Salama. Na yi murna har na karanta wa Irène da ƙarfi, ta ce maƙwabta ma sun ji, ni ban san muryata ta kai haka ba.

Kin yi daidai da ba ki bari an sauya ba. Ki ba Gédéon wannan gefen ya karanta a gabanki.

Gédéon, ba a cire akwati don zato. Ka fara da wayar mas, wadda ta haɗa batir da jikin mota, da kawunan batir, ka tabbata ba sako-sako. Ka sa mita a layin batir, ka rufe motar, ka jira minti arba'in ta yi barci. In har tana shan wuta bayan nan, ka zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har ka ga wanda ya sa allurar mitar ta faɗi. Ka sa na'urar bincike, valise ɗin nan da kake alfahari da ita, ka ga ko akwatin yana amsawa. Sai bayan nan ka cire kan batir, ka zare filogin ka dubi haƙoransa. Kuma kafin ka ɗaura sabo, ka nemo inda ruwan yake fitowa, in ba haka ba sabon ma wata uku zai yi. Ka bi robar da take zubar da ruwan sanyi zuwa ƙasa. Ina zargin an toshe ta, kuma ina zargin wanda ya toshe ta yana da fukafukai. Lambar da ke jikin tsohon akwati ita za ka nema, harafi da harafi, kada wani ya ce maka kusan ɗaya ne.

Hajja, na dawo gare ki. Sabon akwati bai san motarki ba, bai san makullanki ba. Sai an gabatar da su da na'ura, kuma duk makullan da suke akwai a kawo su rana ɗaya. Wanda ba a kawo ba, motar za ta ɗauke shi baƙo, ba za ta ƙara tashi da shi ba. Na tuna biyu ne. Ki nemo na abokina.

Sulaimanu ya rubuto mini. Kada ki yi fushi da shi, tsoro ne yake magana. Na amsa masa yau. Na ce ni na tsaya miki: a bari a yi gyaran, in bayan nan wani abu ya sake faruwa, ni da kaina zan rubuto miki in ce ki bi shi. In babu, ya bar ki a gidanki. Ban taɓa tsaya wa aikin da ban gani da idona ba sai wannan.

An fara ruwa a nan, hanya ta lalace, takardu za su riƙa jinkiri. Ina zuwa ajans kullum da safe in tambaya, har sun ajiye mini benci.

Ubangiji ya ba da sa'a.

Moïse


Garwa, 29 ga Mayu

Malam Moïse,

Gaisuwa da godiya, useko ƙwarai. An gama.

Gédéon ya karanta takardarka yana sosa ƙeya, mutum mai furfura a gemu, ya ce, “Patron har daga Banyo yana yi mini faɗa.” Amma ya bi ta layi layi, ni kuma ina zaune a kan tsohuwar taya ina lura da shi yadda nake yi wa sababbin ma'aikata. Allurar ta ƙi sauka sai da ya zare fiyus na akwatin. Da ya ciro filogin, haƙoran sun yi kore shar, biyu ma sun cinye. Robar ruwan kuwa, ya zura waya, sai ga ƙasa tana zubowa, da tsutsa a ciki. Gidan zanzaro! Ya gina ɗakinsa a bakin robar, ruwan sanyi ya rasa hanya ya koma ciki yana ɗiga a kan akwatin. Gédéon ya ce sai motar da take daɗewa a tsaye wuri ɗaya zanzaro yake samun sukunin yi wa haka. Gaskiyarsa. Tun da marigayi ya tafi, in ba kasuwa ko Bibémi ba, ina za ni?

Akwatin mai lambar ya ɗauki kwana biyar kafin ya zo daga Douala. A cikin kwanakin na nemi makulli na biyu. Na san inda yake, shi ya sa na bar shi sai ranar ƙarshe. Yana aljihun farar rigar da ya sa ranar da muka tafi asibiti, a ƙasan akwatin ƙarfe da ban buɗe ba shekara uku. Har da guntun goro a aljihun, ya bushe ya zama dutse. Na zauna a ƙasa da rigar a cinyata har aka kira azahar. Na yi kewarsa ranar fiye da ranar da aka ɗauke shi, don ranar gidan cike yake da mutane.

Gédéon ya ce in ba na amfani da shi a bar shi, ɗaya ya isa. Na ce a'a, a gabatar da shi.

Ya shanya soson a rana, ya ɗaura sabon, ya haɗa na'urarsa, ya sa makullina, ya sa na marigayi, kowanne motar ta amsa. Yau kwana shida ba fitila, ba kulle, ba komai. Na sake ba Agnès makullan kwana biyu don in rufe bakin kowa. Motar ta kwana ta tashi kamar tunkiya a turke.

Na Marwa ya kira jiya. Ya ce ya ji, ya yarda, in yafe masa. Ya ce da Salla su za su zo nan, su yi kwana uku su koma, ɗakin Dougoï kuma yara sun samu wurin karatu. Na ce Allah ya yi masa albarka, na kashe wayar da sauri kada ya ji muryata.

Na aiko maka da busasshen kifi da yaji ta hannun direba. In bai kai ba ka gaya mini, na san gidan uwarsa.

Allah ya saka maka da alheri, ya bar zumunci.

Hajja Halime


Banyo, 6 ga Yuni

Hajja,

Salama. Kifi ya iso, direba ya tsira.

Na gode wa Ubangiji. Ki ce wa Gédéon ya ɗaura ɗan raga a bakin robar. Ki riƙa tada motar ko ba ki da wurin zuwa, ki zaga unguwa ki dawo. Ba sai mota ta lalace za ki rubuto ba, bencina yana nan a ajans.

Ki zauna lafiya a gidanki.

Moïse


Garwa, 11 ga Yuni

Malam Moïse,

Sallama. Ina fatan kana lafiya.

Motar lafiya lau. Jiya da hantsi na je sayen kayan miya na Salla. A hanyar dawowa na iso shataletalen da nake bi tun ina amarya, sai na taka birki. Hanyoyi huɗu, na dube su ɗaya bayan ɗaya, ban san wacce ce ta gidana ba. Na san sunana, na san kuɗin tumatir, amma hanyar babu. Babura suna ta hon a bayana. Wani mai babur ya leƙo ya ce, “Hajja ta maternité, lafiya?” Ashe ni na karɓi haihuwar 'ya'yansa biyu. Na ce masa motar ce ta mutu. Ƙarya na yi wa motar, injin yana aiki, shi ma yana ji. Ya wuce gaba a hankali na bi shi har ƙofar gida.

Ban gaya wa Agnès ba, ban gaya wa na Marwa ba. Kai ka tsaya mini a gabansa, don haka kai ne ya kamata ka fara sani. Ban ce ka faɗa masa ba, ban kuma ce ka ɓoye ba.

Gobe kasuwar Bibémi, ƙanwata tana jira na. Makullin yana gabana a kan tabarma ina wannan rubutu, ban san ko zan ɗauke shi ba.

Ka sa ni a addu'arka. Ka huta lafiya.

Halime